Kaza Ma Tana Baƙunta

'Yata, Allah ya sa kun shiga sabon gida a sa'a, ya sanya albarka a cikinsa. Saƙonki ya iso gare ni game da kajin da kika taso da su daga gidan surukanki. Kin ce tun da kuka tare ƙwai ya ɗauke, sun maƙale a lungun bayan randa ba sa fitowa tsakar gida, in kin watsa tsaba ba sa taɓawa sai kin ba da baya, kuma ko murfin tukunya ya faɗi sai su tashi fir, wata ta daki bango, wata ta faɗa bokiti. Har wata maƙwabciya ta fara raɗa miki wai baki ne ya kama su. Ki kwantar da hankalinki. Addu'a kam ki ci gaba da yi, ba ta taɓa yin yawa, amma duk abin da kika lissafa mini alamun abu guda ne: kajinki a tsorace suke. Sun wayi gari a wurin da ba su san ko kusurwa ɗaya a cikinsa ba, alhali kaza da sanin wuri take tsare ranta.

Yana da kyau ki san wace ce wannan halitta da muke raina wa wayo. Kakar kajinmu wata tsuntsuwar daji ce da har gobe take yawo a kurmin Indiya da Tailan da maƙwabtansu, kuma in kika ga hoton namijinta za ki rantse zakaran Hausa ne. Ƙasusuwan kajin gida mafi daɗewa da aka tabbatar, a Tailan aka tono su, shekarunsu sun haura 3,000. Tun daga lokacin ɗan'adam yake kiwonta, ya ƙara mata nama, ya ƙara mata ƙwai, amma fargabar da ta gada tana nan daram. To yaya za ta rabu da ita? Daga sama akwai shaho da shirwa. A ƙasa ga muzuru, ga tunku, ga maciji, ga guza mai shan ƙwai, ga gafiya mai jan 'yan tsaki da dare. Ba ƙaho, ba haƙori, tashinta ma bai wuce ta haye katanga ba. Abu biyu Allah ya ba ta: ta riga maƙiyi gani, kuma ta san inda za ta shige kafin ya iso. Wadda ta tsaya nazarin ko inuwar nan ta shirwa ce ko ta zane ba ta kai ga yin kwanci ba.

Yanzu ki tuna tsohon gidan da idon kaza. Ta san daga gindin turmi zuwa ƙarƙashin rumbu taku nawa ne. Ta san ɓular da ke jikin darni wadda take kurɗawa, ta san inuwar dalbejiya da azahar, ta san jujin da ake samun gara in an tona, ta san karen maƙwabta haushi kawai gare shi, ba ya tsallakowa. Duk wannan ta tara shi ne tun tana tsako a bayan uwarta, rana ɗaya kuma aka raba ta da shi. Gidan da kuke ciki yanzu, yadda kika siffanta mini, daɓen siminti ne fes daga ƙofa zuwa ƙofa, doguwar katanga, ba bishiya, ba rumbu, sama a buɗe. Ke tsafta da sarari kika gani. Ita fili ta gani wanda in shaho ya kawo sura ba inda za ta sa kanta. Lungun bayan randar nan shi kaɗai ne mafaka a duk gidan. Kada ki ƙara korarsu daga ciki sai kin tanadar musu wanda ya fi shi.

Idon kaza ma ba irin namu ba ne. A gefen kai yake, don haka tana ganin kusan digiri 300 cikin 360 na kewayenta ba tare da ta juya ba, kuma motsi komai ƙanƙantarsa ba ya wuce ta. Shi ya sa abubuwan da ke ba ki ɗauke su komai ba suke tayar mata da hankali: zanen da aka shanya iska na kaɗa shi a saman kanta, baƙar leda da guguwa ta ɗauko, lemar da yaro ya buɗe farat ɗaya, tabarmar da aka kakkaɓe. Hatta ke kanki, in sun saba ganinki da zane da ɗankwali kina sharar safe, ran da kika fito da dogon hijabi iska na kaɗa shi sai su yi miki kallon baƙuwa. Duk abin da ya zo daga sama, da faɗi, da sauri, shi ne mafi muni a wurinta. In za ki wurinsu ki yi magana tun kafin su gan ki, ki tsuguna ki rage tsawo, ki miƙa hannu daga ƙasa. Kada ki tsura musu ido kina matsowa, mafarauci ne yake haka. Ki ɗauko tsintar shinkafa ko gyaran zogale ki zauna kusa da su, su gaji da kallonki su koma harkarsu.

Ki riƙa sauraron zakaranki kuma. Kukan da yake yi in ya hango abu a sama daban yake da na abin da ke tafe ta ƙasa. Na sama wata doguwar ƙara ce, da jin ta kajin za su duƙe ko su ruga ƙarƙashin wani abu, suna karkata kai suna leƙen sama da ido ɗaya. Na ƙasa kyarkyara ce mai ƙarfi a jere, su kuma sai su miƙe wuya suna dube-dube. A 1993 wasu masana a Amurka suka naɗi kukan biyu suka sa wa kaji a ɗaki, ba shaho ba muzuru, kajin suka yi daidai abin da kowane kuka ya ce musu. In zakaranki na yawan yin na sama, ki ɗaga kai ki ga me yake gani. Ko tantabarun maƙwabta ne, ko kuma shirwa ce ke shawagi saboda wata mahauta da ke kusa.

Da kin tambaye ni kafin ku tashi, da na ce ki kwashe su da dare. Kaza ba ta gani sosai a duhu, sai a ɗauke ta daga inda take kwana cikin natsuwa, ba guje-guje, ba fizgar fiffike. Wannan ya wuce, amma sauran gyaran yana hannunki. Ki mayar da su akurki, ko wani keɓaɓɓen wuri mai inuwa da iska, ki bar su kwana biyar zuwa bakwai, ruwa da abinci a gabansu, suna hango tsakar gida ta cikin raga. Ai ko amarya ba a kai ta yau a ce gobe ta fito ta zagaye unguwa; tana ɗakinta tukuna, tana jin muryoyin gidan, tana koyon wane ne wane. Ranar da za ki sake su kada ki buɗe da safe. Ki bari sai la'asar sakaliya, saura kamar awa ɗaya a kira magariba. Ba za su yi nisa ba, kuma duhu na kawo kai za su koma inda suka saba kwana da ƙafarsu. Gobe ki ƙara musu lokaci, jibi ki ƙara. Ki buɗe ƙofar kawai ki koma gefe. Mai ƙarfin halin cikinsu za ta fara leƙowa, sauran su biyo ta. Na san al'adarmu ita ce a ɗaura wa baƙuwar kaza tsumma a ƙafa a turke ta. Manufar daidai ce, kada ta ɓata kafin ta san gida, amma turkakkiyar kaza ba ta da hanyar gudu in abu ya taso mata, tana ta fizga har ƙafar ta kumbura. In babu akurki, babban kwando a kife a inuwa ya fi igiya.

In akwai abin da ya rage a tsohon gida, ki aika a kawo miki: kaskon da suke shan ruwa, tsohon kwandon da suke ƙwai a ciki, ko da ya yi baƙi ya ɓule. Na ji kin sayo musu sabon mazubin roba da buhun abincin kanti duk a rana ɗaya. Niyyarki alheri ce, sai dai kin haɗa musu baƙin abubuwa uku lokaci guda, wuri da kwano da abinci. Waɗanda suka ce rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami sun lura da kyau. Kazar da ta tashi da dawa da gero da dusa tana iya tsayawa a gaban abincin da ya fi nata gina jiki ta ƙi sa baki, don ba ta taɓa ganin siffarsa ba. Ki koma kan abin da suka sani. In sun natsu sai ki riƙa barbaɗa sabon a kan tsohon, yau kaɗan, gobe ki ƙara, cikin mako guda kin sauya ba su ankara ba. Ki zuba a lokaci ɗaya kullum, da irin kiran da kika saba yi musu, domin muryarki tana cikin 'yan abubuwan da suka taho da su daga can. Ruwa kuwa ya fi abincin gaggawa. Kusan kashi uku cikin huɗu na ƙwai ruwa ne. Kaza ba ta yin gumi, da haki take rage zafi, ga jikinta da ma yana kan digiri 41. A zafin bazara, wadda tsoro ya hana ta ratsa fili zuwa wurin ruwa tana iya galabaita cikin yini ɗaya. Ki kai musu ruwan har inda suka ɓuya.

Sai gyaran filin, kuma ba sai kin kashe kuɗi ba. Ki kafa 'yan sanduna huɗu da ba su wuce ƙugu ba ki shimfiɗa zana a kai, ki jingina tsohon ƙyaure a jikin bango, ki ɗora katako a kan bulo. Biyu ko uku a warwatse, yadda duk inda kaza take akwai mafaka kusa da ita. Sai kin ba su wurin ɓuya za ki ga sun rage ɓuya. Ki cika tsohon baho da yashi da tokar murhu ki ajiye inda ruwa ba ya taɓawa. Ran da kika ga ɗaya ta kwanta a ciki tana birgima, ta baje fiffike, tana watsa toka a bayanta, ido a lumshe, ki san ta fara yarda da gidan, don kaza ba ta birgima a inda take jin za a sure ta. A cikin akurki kuma ki gitta sanda su hau. Kwana a sama ma gadonsu ne tun daga kurmi.

Batun ƙwai na san shi ya fi damunki, tunda da shi kike ɗan toshe ƙananan buƙatu ba sai kin jira maigida ba. Ƙwai ɗaya yana ɗaukar awa 24 zuwa 26 kafin ya kammala a cikin kaza, kuma wajen awa 20 daga ciki a gina ɓawo suke tafiya. Aiki ne mai son kwanciyar hankali. In ta firgita, jikinta yana sakin sinadaran fargaba a jini, su kuma suna dakatar da duk abin da ba gudun ceton rai ba. Tana iya riƙe ƙwan da ya isa fitowa har ya wuce lokacinsa, ya fito da wani fari-fari a jikin ɓawon. Tana iya sakinsa da wuri, ɓawo bai yi ƙwari ba, ki tarar da shi a ƙasa da safe. In tsoron ya daɗe sai ƙwan ya tsaya gaba ɗaya, kuma yakan ɗauki 'yan kwanaki, wani lokaci mako biyu ko uku, kafin ya dawo. Ba maganin da zai gaggauta shi. Kafin ki yanke hukunci ma ki duba bayan buhunan gawayi da ƙarƙashin tarkace, don wadda ba ta amince da gurbin da aka ba ta ba takan nemi nata a ɓoye. Ki yi musu gurbi a lungu mai ɗan duhu, ki bar ƙwai ɗaya a ciki da alamar gawayi, yadda kika ga ana yi a gida. Ki kuma tuna kazar Hausa da ma kashi-kashi take yi: ta yi goma sha wani abu, ta kwanta, ta yi reno, sannan ta dawo. Ba irin Shika Brown ba ce, wadda cibiyar binciken dabbobi ta Shika da ke Zariya ta samar musamman don yawan ƙwai. Kada ki ɗora wa ƙaura laifin abin da ɗabi'a ce. Mai kwanci kuwa, in ba dole ba, kada a taɓa ta sai ta cika kwana 21 ɗinta. In dole ne, da dare, da gurbinta da ƙwanta gaba ɗaya. Ko da haka wata takan tashi ta bar su.

Akwai wani abu da mutane da yawa suke yi wa gurguwar fahimta. Kin sha ganin an ɗaure kaji an rataye su a babur kai a ƙasa daga kasuwar ƙauye, sun yi tsit. Ko yaro ya kwantar da kaza a bayanta ya ɗan danne ta, ya ɗauke hannu, ta ci gaba da kwanciya ba motsi, yara na dariya wai ta yi barci. Wannan shirun ƙarshen tsoro ne. In maƙiyi ya riga ya kama ta, dabarar da ta rage mata ita ce ta sandare, ko zai sassauta riƙo ta samu ta kuɓuce. Masana halayyar kaji ma da wannan suke auna tsoro: gwargwadon daɗewarta a sandare, gwargwadon firgicin da ke cikinta. Ga shi kuma ba ta da tantanin da ya raba ƙirji da ciki irin namu, in aka juya ta kai ƙasa kayan cikinta suna danne mata numfashi. In za ki ɗauki kaza, ki haɗa fikafikanta da jikinta da hannu biyu, ki rungume ta a gefenki, hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙirjinta. In tafiya ce, kwando ko kwali mai huji, da sassafe ko da yamma. Wancan wasan na kwantar da kaza kuma ki hana yaranki yinsa.

Kin ce maigidan yana shirin ƙaro miki sagara biyu daga kasuwa don ki huce. Allah ya saka masa da alheri, amma ki roƙe shi ya dakata sai na gida sun natsu. Kaji suna da manya da ƙanana a tsakaninsu: wadda ke fara ci, wadda ke bi mata, har zuwa ta ƙarshe da kowa ke caccaka. Wani masani ɗan ƙasar Norwe ne ya fara rubuta wannan tsari a farkon shekarun 1920, bayan ya shafe ƙuruciyarsa yana kallon kaji, amma duk matar da ta taɓa watsa tsaba ta san da shi. Duk sanda aka ƙara wata ko aka cire wata, sai sun sake daidaita matsayi, da baki da ƙafa. Baƙuwar da aka jefa cikinsu tana shan tsoro biyu, na wuri da na 'yan gida, har takan ƙi ci ta rame. In lokacin ya yi, ki ware sababbin nesa da naki mako biyu cur, uku ma ya fi, da kwanonsu daban, domin kazar kasuwa ta cuɗanya da kajin garuruwa, tana iya ɗauke da cutar da ba ta bayyana ba tukuna. Bayan nan ki matso da kejinsu inda za su ga juna ba su taɓa juna ba na 'yan kwanaki, sannan ki haɗa su da dare a wurin kwana. Ki sa wurin ci biyu nesa da juna, yadda babbar ba za ta tsare duka ba. 'Yar kora ta kwana biyu ba komai. Amma in kika ga jini ki cire mai raunin nan take, don ganin jini yana sa sauran su yi mata taron dangi.

Abin da ya fi duk waɗannan shi ne ki iya bambance kaza mai tsoro da marar lafiya, domin dukansu suna raɓewa a lungu, dukansu suna ƙin ci. Mai tsoro gashinta a lafe yake, wuya a miƙe, ido tar, kina matsowa ta zabura. In kika ɓuya kika leƙo za ki ga ta fito tana tsintar tsaba. Marar lafiya takan kumbura gashi, ta saki fikafikai, ta noƙe wuya tana gyangyaɗi da rana tsaka, ko kin kai hannu ba ta damu ta gudu ba. Da dare in sun kwanta, ki shafa gindin wuyan kowace ta ɓangaren dama, inda abinci ke taruwa kafin ya wuce ƙundu. In kin ji shi cike, ta ci, ko da ba a gabanki ba. Wadda kika samu nata wayam dare biyu a jere, ki ware ta ki sa mata ido. In kuwa kika ga koren zawo, ko numfashi da baki a buɗe ba don zafi ba, ko wuya ya murɗe tana juyi, abin ya wuce tsoro. Alamun cutar Niyukasil ke nan, wadda ke share kajin unguwa guda a lokacin hunturu, kuma ba ta da magani sai rigakafi. Ki nemi malamin dabbobi a ranar. In suka fara faɗuwa matattu bi da bi, kada a yanka ragowar a ci, kada yara su taɓa su; tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a Najeriya a 2006 ba a wasa da irin wannan. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom, kusa da Jos, tana yin rigakafin Niyukasil, har da mai jure zafi wanda ake ɗigawa a ido, kuma akan maimaita shi duk wata uku zuwa huɗu. Ki yi musu bayan sun natsu, don tsoro mai tsawo yana raunana garkuwar jiki, rigakafin ma ba zai kama yadda ya kamata ba. Abin da ba na so shi ne ki fasa kafso ki zuba musu a ruwa don kawai sun yi shiru. Kafso ba ya maganin tsoro, kuma ragowarsa tana fitowa a ƙwan da jikokina za su ci.

Wani lokacin kuma kaza ce mai gaskiya. In sun saba da akurki sannan rana ɗaya suka ƙi shiga da magariba, suna ta kewaye suna neman hawa katanga, kada ki tura su da tsintsiya. Ki ɗauki tocila ki duba. Ko maciji ya shiga, ko gafiya ta yi rami, ko muzuru ya gwada ƙofar jiya, ko kaska ta cika tsagogin bango, tana ɓuya da rana ta fito shan jini da dare. Daren gari ma ba irin na ƙauye ba ne: ga janareton maƙwabta, ga wutar da ake kawowa tsakar dare ƙwan fitila ya haske akurki farat ɗaya. Ki matsar da wurin kwanansu daga bangon da janareto yake, ki riƙa kashe makunnin fitilar wajen. Ƙarar da ke zuwa kullum za su saba da ita, ta ba-zata ce ke da haɗari, musamman ga 'yan tsaki, don in sun firgita sukan ruga kusurwa ɗaya su hau kan juna, na ƙasa su shaƙe. In za ki yi renonsu nan gaba, ki zagaye kusurwoyin da kwali, kuma ki yi magana kafin ki buɗe musu ƙofa.

In Sallah ta zo aka turke rago a tsakar gida, baƙi suka cika ko'ina, ki bar kajin a akurki, ya fi musu. In za a yanka ɗaya, a kama ta tun da asuba daga wurin kwana, kada a saki yara su yi ta binta sauran na kallo. A yi yankan inda 'yan'uwanta ba sa gani, wuƙa an riga an wasa ta a wani wuri. Malamanmu sun daɗe suna koyar da wannan ladabi. Sabo da kaza ba ya hana yanka, gaskiya ne, halal ce Allah ya hore mana, amma halaccin yanka bai ba mu damar firgita ta a banza ba. Abu Dawuda ya ruwaito cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata 'yar tsuntsuwa guda biyu, uwar ta zo tana ta kaɗa fikafikai, da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya gani sai ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya sa aka mayar mata da su. A 2011 masu bincike a jami'ar Biristol ta Ingila suka auna bugun zuciyar kaji yayin da ake hura wa 'yan tsakinsu 'yar iska mai damunsu. Zuciyar uwa ta ƙara bugu, ta ƙara kiran 'ya'yanta, alhali ita ba abin da ya taɓa ta. Halittar da ke jin damuwar ɗanta haka ta cancanci a tausaya mata, kuma a tsakar gida yara suke fara koyon tausayi. Ki ba kowannensu aikinsa, wannan ruwa, wancan tsaba, ki nuna musu yadda ake tsugunawa a miƙa hannu a jira. Yaron da kaza ta ci a tafinsa da wuya ya ƙara jifanta.

Kada ki yi duk gyaran nan a yini ɗaya, shi ma wani sauyin ne. Yau ki mayar da su akurki da ruwa da tsohon abincinsu. Gobe ki kafa rumfar zana tun suna ciki, su hango ta ta raga su saba. Sauran ki bi su ɗaya bayan ɗaya. In mako biyu ya wuce ba ki ga ci gaba ba, ko wata ta fara nuna alamun ciwon da na faɗa miki, kada ki jira amsata, ki kira malamin dabbobi. Ki gaishe mini da maigidan da yara, ki ce wa babbar cikinsu ita na ɗora wa kula da ruwan kajin.